Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Hasarar Da Jiragen Feshin Gonaki Ke Yi A Bakin Fili

Tsakanin lokacin da matuƙin jirgin saman feshin gonaki ya tura totur da lokacin da tayoyin jirgin suka rabu da ƙasa, ba a cika minti ɗaya ba. Amma a cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci ne kamfanonin feshi da dama suka yi hasarar jiragensu, manoma suka yi hasarar amfanin gonar da ke jiran magani, kamfanonin inshora kuma suka biya diyya mai tsoka.

Yadda abin ke aukuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Jirgi ya ɗauki lodi ya kama gudu a kan fili, matuƙi ya ji a jikinsa cewa gudun bai kai yadda ya saba ba, amma ya ci gaba da fatan al'amarin zai gyaru. Kafin ya yanke shawarar fasa tashi, ragowar filin ba za ta ishe shi tsayawa ba, sai jirgin ya zarce ya faɗa rami, ko ya ci karo da shinge, ko kuma ya kife da ka saboda an taka birki da ƙarfi.

Fasa tashi hanya ce ta tsira wadda ake koya wa kowane matuƙi tun yana makaranta. Jinkirin fasawa shi ne ke jawo ɓarna, kuma da yawa daga cikin dalilan wannan jinkiri sun samo asali ne daga yadda ake tafiyar da kasuwancin feshin. Saboda haka batun ya shafi duk wanda ke ba da kwangilar feshi, da wanda ke karɓarta, da bankin da ya ba da rancen sayen jirgi, da kamfanin da ya yi masa inshora.

Asalin sana'ar da girmanta

A ƙasar Amurka aka fara wannan sana'a, kuma a can ne aka fi adana bayanan haɗurranta. A ranar 3 ga watan Agusta na 1921, wani hafsan soja mai suna John Macready ya tuƙa ƙaramin jirgi samfurin Curtiss Jenny aka barbaɗa garin magani a kan wasu itatuwa da tsutsa ta addaba kusa da garin Troy a Jihar Ohio. Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka shiga harkar. Kamfanin Huff Daland Dusters, wanda ya zauna a garin Monroe na Jihar Louisiana a shekarun 1920 yana yi wa gonakin auduga feshi, shi ne daga baya ya rikiɗe ya zama kamfanin jigilar fasinja na Delta Air Lines.

Da farko tsofaffin jiragen soja ake gyarawa a ɗora musu tanki. A 1950 wani injiniya, Fred Weick, ya fito da jirgin da aka ƙera musamman domin aikin gona a jami'ar Texas A&M, inda ya sanya tankin magani a gaban matuƙi, ya kuma ƙarfafa mazauninsa. Jiragen feshi na yau a kan wannan tsari suke, kuma shi ya sa matuƙa da yawa ke fitowa da ƙafafunsu daga haɗarin bakin fili, ko da jirgin kansa ya tashi daga aiki.

Tun daga lokacin jiragen sai ƙara girma suke yi. Samfurin Piper Pawnee, wanda ya shiga kasuwa a 1959, tankinsa yana cin kimanin lita 570 a nau'insa mai babban inji. Samfurin AT-802 na kamfanin Air Tractor da ke garin Olney a Jihar Texas, wanda ya fara tashi a 1990, yana ɗaukar fiye da lita 3,000, kuma iyakar nauyin da aka amince ya tashi da shi ya kai kilo 7,257. Wani bincike da ƙungiyar masu feshi ta sama ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna cewa akwai kamfanoni kimanin 1,560 a ƙasar, waɗanda ke yi wa eka miliyan 127 na gonaki feshi a kowace shekara.

Ita kuwa hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta wallafa wani rahoto na musamman a kan wannan sana'a a 2014. Ta ƙirga haɗurra 802 na jiragen aikin gona tsakanin 2001 da 2010, waɗanda 81 daga cikinsu suka ci rayuka, ta kuma yi nazarin wasu guda 78 da suka auku a 2013. Haɗurran da suka fi kisa su ne na karo da wayoyin lantarki da dogayen ƙarafuna da ƙasa a yayin feshi. Na bakin fili ba su kai su kisa ba, amma suna lalata jirage a daidai lokacin da ake tsananin bukatarsu.

Abin da ya bambanta jirgin feshi da sauran jirage

Abu na farko shi ne nauyi. Jirgin AT-802 idan babu komai a cikinsa kimanin tan uku ne, idan an cika shi kuwa ya haura tan bakwai. Ma'ana, fiye da rabin nauyin da zai tashi da shi kaya ne da mai, kuma mutum ne ke yanke yawansu a kowane sawu.

Na biyu shi ne fili. Domin rage ɓata mai da lokaci, kamfanonin feshi sukan tashi daga gajerun filayen ƙasa ko na ciyawa da aka share a kusa da gonaki. Irin waɗannan filaye galibi suna ƙarewa ne a jikin shinge, ko hanyar ruwan ban-ruwa, ko titin mota, ko layin wayar lantarki. Babu wani sarari a gaba da zai karɓi jirgin da ya kasa tsayawa.

Na uku shi ne yawan tashi. Matuƙin jirgin fasinja yakan tashi 'yan lokuta kaɗan a rana, amma na jirgin feshi yana iya tashi sau gommai daga fili ɗaya tsakanin asuba da magariba. Sabo yakan sa ya ɗauka cewa tashi na ashirin daidai yake da na farko, alhali rana ta yi zafi, iska ta juya, tayoyi kuma sun tona filin.

Na huɗu shi ne rashin ƙayyadadden ma'auni. A manyan jiragen fasinja, kafin kowane tashi akan lissafa wani gudu na musamman: idan matsala ta auku kafin a kai shi sai a tsaya, idan kuwa an wuce shi sai a ci gaba da tashi, domin akwai inji na biyu. Matuƙa biyu ne ke lura da wannan gudu, kuma an tabbatar tun farko cewa titin zai isa. Jirgin feshi inji ɗaya gare shi da matuƙi ɗaya, kuma littafin ƙananan jirage masu inji ɗaya ba kasafai yake bayyana nisan da ake bukata a kama gudu sannan a tsaya ba. Idan matuƙi bai ƙayyade wa kansa iyaka ba, babu wanda zai ƙayyade masa.

Zaɓi uku cikin 'yan sakan

Idan gudu ya ƙi ƙaruwa yadda ya kamata, zaɓi uku ne a gaban matuƙi: ya janye totur ya tsaya, ko ya zubar da kayan da ke cikin tanki domin jirgin ya yi sauƙi ya tashi, ko kuma ya ci gaba a haka. Kowane zaɓi yana da lokacinsa, kuma lokacin gajere ne ƙwarai.

Jirgin da ke gudun kilomita 110 a sa'a yana cin kimanin mita 30 a kowane sakan. Wasiwasin sakan uku kacal ya cinye mita 90 na fili. Bugu da ƙari, nisan tsayawa ba ya ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa fasawa a farkon fili abu ne mai sauƙi, a ƙarshensa kuwa kusan ba ta yiwuwa.

Ƙirar jirgin ma tana ƙara wahala. Yawancin jiragen feshi manyan tayoyi biyu gare su a gaba da ƙaramar taya ɗaya a wutsiya. Idan aka taka birki da ƙarfi fiye da kima, musamman a ƙasa mai taushi, wutsiya takan ɗaga, farfela ta soki ƙasa, wani lokaci jirgin ya wuntsila ya kwanta a bayansa. Haka kuma, da yake tsakiyar nauyinsa tana bayan manyan tayoyin, da zarar ya ɗan karkace yakan nemi juyawa gaba ɗaya kamar katantanwa, ya karya ƙafa ko fiffike. Jirage masu injin tabain suna iya juya kusurwar farfela ta taimaka wajen rage gudu, amma wannan ba ya mayar da filin da aka riga aka cinye.

Ci gaba da tashi a kan dole ya fi fasawa haɗari. Idan jirgi yana daf da ƙasa, a tsayin da bai wuce faɗin fukafukansa ba, kusancin ƙasar yakan rage masa turjiyar iska, har ya ɗaga kafin gudunsa ya isa. Matuƙi sai ya ɗauka ya tsira. Da zarar ya ja jirgin sama domin ya haye shinge ko itace, wannan taimako ya gushe, jirgin ya koma ƙasa da cikakken lodi da cikakken gudu. Zarcewa cikin gona bayan an rage gudu hasarar ƙarfe ce, amma faɗowa daga sama da cikakken tanki tana iya zama hasarar rai.

Lissafin da ake yi kafin a tashi

Dalilan da ke tsawaita gudun jirgi a ƙasa sanannu ne, kuma an daɗe da auna su. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta wallafa wani jadawali ga matuƙan ƙananan jirage game da nisan da jirgi ke bukata ya tashi har ya kai tsayin ƙafa 50. Bisa ga jadawalin, ƙarin nauyi na kashi 10 cikin 100 yana ƙara nisan da kashi 20. Ƙarin tudun fili na ƙafa 1,000 yana ƙara shi da kashi 10, haka ma ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Selshiyas. Busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 20, jiƙaƙƙiya kashi 30, ƙasa mai taushi kashi 25 ko fiye. Hawan tudu na kashi 2 cikin 100 yana ƙara kashi 10, iskar da ke bugowa ta baya kuma, idan ta kai kashi 10 na gudun tashi, tana ƙara kashi 20.

Abin lura shi ne waɗannan ƙari ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi a kan juna. A ɗauki misalin jirgin da littafinsa ya ce yana bukatar mita 400 a kan kwalta a yanayi mai sanyi. Ƙarin nauyi na kashi 10 ya mayar da nisan mita 480. Tudun ƙafa 1,000 ya kai shi mita 528. Ƙarin zafi na digiri 20 ya kai shi kusan mita 640. Busasshiyar ciyawa ta kai shi kimanin mita 767, 'yar iskar baya kuma ta cike shi mita 920. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da zai tsorata mutum shi kaɗai, amma a haɗe sun ninka nisan fiye da sau biyu. Hukumar ta kuma ba da shawarar a ƙara sulusi a kan sakamakon domin kariya, abin da zai kai lissafin sama da mita 1,200.

Nauyin kayan ma yana yaudara, domin cikar tanki ba ita ce ma'aunin nauyi ba. Litar ruwa kilo ɗaya ce, amma litar takin zamani na ruwa mai ƙarfin sinadarin naitirojin tana kai kimanin kilo 1.3. Tankin lita 3,000 da ya ɗauki tan uku na maganin da aka dama da ruwa zai ɗauki kusan tan huɗu idan aka cika shi da irin wannan taki, tun kafin a sa nauyin mai da na matuƙi. Ma'aikacin lodi da ya cika tanki har baki bisa sabo ya riga ya shirya haɗari tun jirgin yana tsaye.

Hannun zubar da kaya

Kowane jirgin feshi yana da wani hannu kusa da matuƙi wanda idan aka tura shi ƙasan tanki zai buɗe kayan su zube. Wannan ita ce babbar gatar jirgin, domin yana iya rage nauyinsa da tan ɗaya ko fiye cikin 'yan sakan, abin da jirgin fasinja ba zai iya ba. Dokokin Amurka sun wajabta wa jirgin da zai yi feshi a kan wuri mai cunkoson jama'a ya iya zubar da aƙalla rabin kayansa cikin sakan 45. A ƙasar Niyu Zilan, inda ake watsa taki a kan makiyayun tuddai daga gajerun filaye masu gangara, doka ta fi tsanani: jirgin da zai tashi da nauyi fiye da na asali dole ya iya zubar da kashi 80 cikin 100 na kayansa cikin sakan biyar.

Duk da haka hannun yana da nasa sharuɗɗa. Garin taki ko farar ƙasa da suka sha raɓa sukan dunƙule a cikin tanki su ƙi fita. Zubar da kaya lokaci ɗaya kuma yakan sa hancin jirgi ya ɗaga da ƙarfi, wanda matuƙin da bai taɓa gwada abin ba zai iya kasa shawo kansa. Sai kuma babbar matsalar, wadda ta kuɗi ce: kayan da ke cikin tankin na manomi ne ko na gwamnati, suna da tsada, kuma wani zai biya su. Matuƙin da ya san za a cire kuɗin daga haƙƙinsa, ko za a tuhume shi da sakaci, zai yi jinkirin tura hannun da sakan biyu ko uku, waɗanda su ne gaba ɗayan ratar da ke tsakanin tsira da haɗari.

Ƙa'idar tsakiyar fili

Maganin jinkiri shi ne a yanke shawara tun jirgi bai motsa ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka tana da wata ƙa'ida mai sauƙi a littafinta na jagorar matuƙa: idan jirgi ya kai tsakiyar fili bai sami kashi 70 cikin 100 na gudun tashinsa ba, to a fasa. Hikimar lissafin ita ce, jirgin da zai cinye filin gaba ɗaya kafin ya ɗaga, a tsakiyar filin zai kasance a kan kimanin kashi 70 na gudun da yake bukata. Wanda bai kai haka ba a wannan wuri, filin ba zai ishe shi ba. Idan akwai itatuwa ko waya a ƙarshen fili, tilas a matso da alamar baya da tsakiya.

Aiwatar da ƙa'idar ba ya bukatar wata na'ura. Tsohuwar taya da aka shafa wa farin fenti ko duro a gefen fili sun isa alama, sai tutar nuna iska a wurin da matuƙi zai gan ta. Kafin ya tura totur ya riga ya san inda wutsiya ya kamata ta ɗaga, da inda zai zubar da kaya idan tayoyi ba su rabu da ƙasa ba, da inda zai janye totur ya tsaya. Idan ya isa alamar babu sauran shawara, sai aiwatarwa.

Inda kasuwanci ya shigo

A wannan sana'a akan biya kamfani ne bisa yawan eka ko hektar da ya fesa, matuƙa da yawa kuma kaso suke samu daga abin da jirginsu ya shigo da shi. Lokacin aikin 'yan watanni ne, ƙwari ba sa jira, kowane manomi kuma yana son a fara da gonarsa. Duk wannan yana ingiza kowa zuwa ga cika tanki da rage hutu. Rahoton NTSB na 2014 ya ambaci rashin isasshiyar jagora a kan gajiyar matuƙa da auna haɗari kafin aiki, da kuma ƙarancin kula da lafiyar jirage, a cikin manyan matsalolin sana'ar. Dokar aikin feshi ta Amurka ba ta ƙayyade wa matuƙi sa'o'in aiki ba kamar yadda aka ƙayyade wa na jiragen fasinja, kuma gajiyayyen mutum ya fi kowa jinkirin yanke shawara.

To amma idan aka zauna da alƙalami, ribar cika tanki ba ta taka kara ta karya ba. Rage lodi da kashi 10 cikin 100 yana nufin aikin sawu goma zai koma kimanin sawu goma sha ɗaya. Farashin wannan kariya shi ne mai da lokacin sawu ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, sabon jirgi mai injin tabain ya haura dala miliyan ɗaya. Ko da haɗarin bai wuce farfela ta taɓa ƙasa ba, sai an sauya ta an kuma binciki injin kafin jirgin ya koma aiki. Kafin kayan gyara su iso lokacin feshi yana iya wucewa, abokan ciniki su koma wa wani kamfani, kuɗin inshora na baɗi kuma ya tashi. Ga kuma kuɗin kwashe ƙasar da magani ya gurɓata, da diyya idan ya malala cikin ruwan sha ko na ban-ruwa. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Abin da ya shafi Nijeriya da maƙwabtanta

A wannan yanki na Afirka, gwamnatoci da hukumomin ƙasa da ƙasa su ne manyan masu hayar jiragen feshi, kuma tsuntsayen jan-baki da farin dango ne ke kawo su. Ma'aikatar aikin gona ta tarayya ta sha ɗaukar jirage domin feshin jan-baki a jihohin arewa irin su Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Barno, inda tsuntsayen ke afka wa shinkafa da gero da dawa da alkama. A lokacin annobar fari ta 2003 zuwa 2005, jirage sun yi aiki a Nijar da Mali da Muritaniya da Senegal, haka ma a gabashin Afirka daga 2019 zuwa 2021. A Sudan kuwa an shafe shekaru gommai ana yi wa audugar Jazira feshi ta sama.

Zafin wannan yanki yana sa lissafin da ya gabata ya ƙara muhimmanci. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji da farfela da fukafukai duka suna rasa ƙarfi a cikinta. Matuƙa suna ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da ya ɗara ma'aunin da aka gina littafin jirgi a kai daidai yake da ƙarin tudun ƙafa 120. Filin jirgin saman Maiduguri yana kan tudun kimanin ƙafa 1,100, inda ma'aunin littafi ya kama digiri 13. A ranar da zafi ya kai digiri 40, jirgi zai ji kamar yana tashi daga tudun ƙafa 4,300, wato kwatankwacin tsayin filin jirgin saman Jos. Lodin da ya tashi lafiya da sanyin asuba ba lalle ne ya tashi da azahar ba.

Akwai kuma wasu abubuwa na musamman. Feshin jan-baki da almuru ake yin sa, lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu, don haka matuƙi yana tsere da faɗuwar rana, kuma idan ya fasa tashi aikin ranar ya wuce. Magungunan jan-baki da na fari galibi ba a dama su da ruwa. A feshin fari kimanin lita ɗaya ce ke isar hekta guda. Ke nan tankin lita dubu maganin hekta dubu ne, zubar da shi hasara ce babba, kuma guba ce mai ƙarfi ga mutane da dabbobi da ruwan wurin da ta zuba. Dalilan da ke hana matuƙi fasawa ko zubar da kaya sun fi ƙarfi a nan, saboda haka kariyar da ta rage ita ce rage lodi tun farko.

Tashi daga manyan filayen kwalta, kamar na Birnin Kebbi ko Maiduguri, yana kawar da matsalar gajartar fili, amma yana ƙara nisa zuwa wurin aiki da yawan man da za a ɗauka. Duk lokacin da aka so matsowa kusa da gonaki ta hanyar share filin wucin gadi, to tsawonsa da taurin ƙasarsa, musamman da damina, da hana dabbobi da jama'a ratsa shi, sun zama sharuɗɗan da ba a sassautawa. Sashe na 11 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, shi ne ya ƙunshi irin waɗannan ayyuka na sama, binciken haɗurra kuma yana hannun hukumar NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar AIB. Ƙananan jirage marasa matuƙi sun shigo harkar feshi a 'yan shekarun nan, amma lita gommai suke ɗauka, don haka manyan ayyuka na dubban hekta har yanzu na jirage masu matuƙi ne.

Abin da ya kamata kwangila ta ƙunsa

Mai ba da kwangila ba ya tuƙa jirgi, amma takardar da ya sa wa hannu tana iya saukaka wa matuƙi fasa tashi ko ta tsananta masa. Kwangila mai inganci za ta bayyana mafi ƙarancin tsawon fili da wanda zai duba shi kafin a fara aiki. Za ta wajabta a lissafa lodi da nauyi maimakon cikar tanki, a kuma rage shi gwargwadon zafin rana. Za ta ba matuƙi cikakken ikon fasa tashi ko zubar da kaya ba tare da tara ko ragin haƙƙi ba, ta kuma fayyace wanda zai ɗauki hasarar maganin da aka zubar da kuɗin tsabtace wurin. Ya dace wani kaso na biyan ya kasance na ranakun da jirgi ya yi a shirye, domin kada kuɗin kamfani ya dogara kacokan ga yawan hekta. Sai kuma sa'o'in hutun matuƙi, da shaidar inshorar da ta haɗa jirgin da matuƙin da ɓarnar da magani zai iya yi wa wasu.

Bankuna da kamfanonin inshora suna da damar neman waɗannan sharuɗɗa kafin su saki kuɗi, domin su ne ke ɗaukar nauyi idan jirgi ya kife. Kamfanin da aka samu yana rubuta nauyin kowane sawu da zafin lokacin, yana da alama a tsakiyar filinsa, matuƙansa kuma suna gwada zubar da ruwa a farkon kowane lokacin aiki, ya cancanci sauƙin farashi fiye da wanda ba ya yi.

Sawun da aka fasa ana iya maimaita shi bayan 'yan mintoci, da zarar an rage lodi ko an jira iska ta daidaita. Jirgin da ya zarce cikin rami kuwa sai wata shekarar, kuma kafin nan jan-baki sun gama da gonar da aka ɗauko shi domin ya cece ta.